Fim ɗin da Baba ya ɗauka sau biyu

Babanmu mai gyaran agogo ne, kuma har yau da ya bar shago ba a kiransa da komai sai Mai Agogo. Shagon ɗan tsukuku ne tsakanin mai aski da mai ɗinkin takalma, in ka miƙa hannu biyu sai ka taɓa bango da bango. Amma mu 'ya'yansa da kyamara muka fi saninsa, wata baƙa mai nauyi kamar dutsen guga, da yake ratayawa duk ranar hutu. Ya ɗauke mu muna kuka, ya ɗauke mu da giɓi, ya ɗauki yayana zaune a kan fo yana muzurai. Shi ke wanke hotunansa a banɗaki, ya toshe taga da bargo ya kulle ƙofa, mu kuwa ko fitsari ya matse ka sai dai ka yi ta rawa a tsakar gida.

Mutum ɗaya ce ta gagare shi, Mama. Da ta ga ya ɗaga kyamara sai ta kare fuska da faranti ko murfin tukunya. Muna da hoton hannunta, muna da na bayanta, amma fuskarta ko ɗaya babu. Sai wata rana, tana zaune a kan kujerarta ta bakin ƙofar ɗaki, ta ce masa, "Kai dai ka dame ni. Ɗauka ka huta." Bai tsaya ba sai da ya cinye fim guda a kanta. Kafin ya wanke ta kwanta ciwo, kuma ba ta tashi ba.

Daga nan ya rataye kyamara. Fim ɗin ya jefa shi durowa cikin sababbin da bai taɓa amfani da su ba. Na yi magiya har na gaji.

"Baba, ka wanke mana mu ga Mama."

"Ba yanzu ba."

Wannan "ba yanzu ba" ta kai ni aure, ta kai ni haihuwa. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, fuskar Mama ta fara ɓace mini, kuma abin yana ci mini rai.

Bara, da ido ya hana shi aikin agogo, zaman gida ya ishe shi. Sai ga shi ya sauko da kyamarar ya kwance ta a kan tabarma, ya goge, ya ɗiga mata mai, ya ɗauko fim a durowa ya saka. Na ce, "Haba Baba, ga waya a hannun kowa?" Ya ce hoton waya ai yayyafi ne, kafin ka waiga ya bushe. Ya sa mijina yawon neman magungunan wanke hoto har ƙafarsa ta yi kanta. Tsoho ya dawo kamar saurayi, yana fito, yana ba mutane umarni: "Ɗaga haɓa! Kar ki motsa!" Wadda ta fi shan wahala 'yata ce, da yake kira Amarya. Ya zaunar da ita a kujerar bakin ƙofa, domin a cewarsa duk gidan ba inda haske ya kai nan kyau.

Baba yana da wata al'ada. In ya naɗe fim ba ya bari bakin fim ɗin ya shige cikin gwangwaninsa, don ya yi sauƙin ja wajen wanki, saboda haka sabo da wanda aka ɗauka duk kamarsu ɗaya. Yadda yake bambancewa shi ne ya karci gindin gwangwanin wanda aka ɗauka da allurar aikinsa, irin 'yar alamar da masu agogo ke yi a cikin murfi don su gane abin da ya taɓa bi ta hannunsu. Alama ce da sai idon mai agogo, kuma idon ya tafi.

Ranar da ya gama ɗaukar Amarya ya ciro fim, sai yatsansa ya ji ƙarzon. Ya laluba aljihu ya maƙala gilashin aikinsa a ido. Ya duba gindin gwangwanin.

"Innalillahi. Na uwarku ne. Na ɗora wasu hotuna a kansa."

Raina ya ɓaci, kuma ban ɓoye ba. Na ce, "Shekara da shekaru kana cewa ba yanzu ba, to ga yanzun ta zo!" Ya zauna a bakin gado da ɗan gwangwanin a tafinsa, ya ce, "Tsoro nake ji in wanke in tarar bai fito ba. Muddin yana durowa, tana ciki."

Na shiga ɗaki na ɗauko bargo na miƙa masa.

Da rana tsaka ya kulle kansa a banɗaki. Da ya fito ya shanya dodon hoton, wato fim ɗin da ya wanke, a igiya, ya bi shi ɗaya bayan ɗaya da gilashi yana girgiza kai. Duk sun cakuɗe, ƙafar kujera a kan fuska, labule a kan labule. Kusa da ƙarshe ya tsaya a kan ɗaya, ya daɗe bai motsa ba.

"Zo mu shiga tare," in ji shi. Tun ina yarinya ban taɓa samun wannan izini ba.

Ciki jan ƙwan fitila ne kawai, da warin magani mai hawa kai. Ya haska takarda, ya tsoma ta a faranti yana jijjigawa a hankali. Amarya ce ta fara fitowa, da kitsonta a tsaye da dariyarta. Sai wata inuwa ta taso a bayanta, dishi-dishi, kafaɗa, wuya, ɗankwali da ya zame gefe. Sai fuskar. Mama ce a kujerarta, tana hararar mai hoto tana danne dariya, ga jikar da ba ta taɓa gani ba zaune daram a cinyarta.

Na manta ashe tana da wushirya. Wallahi na manta. Na toshe bakina da hannu, kuka ya ƙwace mini.

Baba ya ciro takardar tana ɗiga, ya kai ta dab da idonsa.

"Kin gani ko?" ya ce, kuma ba da ni yake ba. "Hancinki ta ɗauko."