Na Yi Bisimilla Kuwa?

Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron kada wanda ya taɓa cin naman hannuna ya karanta ya shiga damuwa. Abin da na gani a mayanka kwanan nan ne ya sa na daure.

Mu mahauta ne a Talata Mafara tun kakanni. Da aka fara aikin dam ɗin Bakolori, leburori suka cika ƙasar daga Maradun har Bakura, nama ya daina jiran ranar kasuwa, kullum sai an yi yanka. Malamin da ke yi mana yanka ya tsufa, sai mahaifina ya ce ni zan karɓi wuƙa, tunda ba na wasa da salla. Yayana shi ke fiɗa.

Abin ya fara ne a kan wani bijimi da muka sayo a Damri. Na yanka, ina wanke wuƙa, sai wani abu ya ce mini a zuci: ka yi bisimilla kuwa? Na tambayi yayana, ya ce har shi ya ji. Hankalina ya kwanta. Washegari tambayar ta dawo, ta fi ta jiya ƙarfi.

Na je wurin limamin unguwarmu, ya ce wanda ya manta ba da gangan ba, yankansa ya halatta. Ban kai gida ba zuciyar ta ce, to in da gangan ka bari fa? Sai na koma maimaita bisimilla. A kayar da sa, a ɗaure, a riƙe mini, wuƙa na wuyansa, ni kuwa ina ta sakewa don ban yarda ta farkon ta fita daidai ba. Mahauta suka samu abin dariya.

"Malam, saukar Alƙur'ani za ka yi mai? Hannunmu ya gaji."

Dariyar ta ƙare ranar da na hana a sayar da wani rago, na ce a gaban masu saye ina tsoron mushe ne. Wanda ba mahauci ba ba zai san nauyin wannan kalma a bakin mai yanka ba. Mutane suka watse daga teburinmu. Da yamma mahaifina ya ce in ta sake fita daga bakina, wuƙa ta bar gidanmu ke nan.

An yi mini rubutu na sha, an yi addu'a. Abinci ya daina shiga. Duk leburan da na gani yana cin tuwo, sai in ga kamar ni na zuba masa haram a ciki. Ƙirjina ya riƙa bugawa, har na tafi ɗan asibitin da ke kusa da sansanin ma'aikatan dam ɗin neman maganin zuciya. Ma'aikacin da na tarar dogo ne, Hausarsa ta Kano ce, kowa likita yake ce masa. Ya gwada ni, ya ce zuciya lafiya lau, ya sa na faɗi abin da ke damuna. Da ya ce ya taɓa aiki a asibitin masu taɓin hankali, na miƙe zan gudu.

"Zauna, malam, ba hauka gare ka ba. Idan yayanka ya ce ya ji, kana samun sauƙi?"

"Ina samu."

"Har zuwa yaushe?"

"Har a kawo wata dabbar."

"To tambayar nan ita ce abincin tsoron. Kullum kai ke ba shi da hannunka."

Ya ce tunani ya faɗo wa mutum daban, abu ya faru daban. Ya ce in yi bisimilla sau ɗaya da ƙarfi, in yanka, kada in sake, kada in tambayi kowa, in tsaya da tsoron har ya gaji ya sauka da kansa. In fara da kajin gida, sannan akuya, sannan sa. Ya kuma aika wa yayana cewa ko na tambaye shi kada ya amsa. Na ce ba zan yi abin da ya saɓa wa addini ba. Ya ce in koma wurin liman. Liman ya ce ai dama wanda kokwanto ya zame masa jiki ba a son ya waiwaye shi.

Ranar da na kai ga yanka sa, na yanka na juya ga yayana ba tare da na sani ba.

"Yaya, ka ji na..."

"Mi? Likita ya ce in zama kurma, kuma na zama."

Na jingina da bangon mayanka, gumi ya jiƙa rigata. Ina kallo wata mai dafa wa leburori abinci ta ɗora cinyar san da na yanka a kai ta tafi. Na so in bi ta in ƙwace. Na tabbata mutuwa zan yi a wurin. Ban san lokacin da abin ya fara sauka ba, sai dai na ji ina jin ƙishirwa.

Ban warke sarai ba, amma wuƙa ta zauna a gidanmu. Da kamfanin da ke aikin dam ɗin ya kwashe kayansa, likitan ya tafi, ko sunansa ban tambaya ba.

Yanzu ɗana ke yanka. Kwanan baya na ga ya daɗe da wuƙa a wuyan akuya, leɓɓansa na motsi. Da ya gama ya juyo ya ce, "Baba, ka ji na yi?" Na dubi idonsa, na ce na ji. Tun ranar ba ya yanka sai ina tsaye kusa.

Ina tsoron in gwada masa abin da aka yi mini in ɓata, don ba komai nake tunawa ba, kuma ban iya zama kurma a gabansa ba. Wanda ya san inda mutumin nan ya koma, ko ya san asibitin da ake irin wannan magani na magana a Zamfara ko Sakkwato, don Allah ya aiko da bayani wurin mahautan kasuwar Mafara. Zai iso gare ni.