Cokalin da Ya Kusa Hana Ni Aure

Ko zan manta da komai a rayuwata, ban da ranar da cokali ya kusa raba ni da mijina.

Babanmu tsohon ma'aikacin masaƙa ne, kuma daga tarukan ƙungiyar ma'aikata ya tsinto wata kalmar Turanci da ya riƙe har tsufa: santimen. A bakinsa, santimen shi ne ka so abu ko ka ƙi shi ba tare da dalili ba. In Umma ta ce tumatirin mai kayan miyan layinmu bai yi mata ba, santimen ne. In liman ya ja sura, wani ya yi ƙorafi, santimen ne. Duk Unguwar Sanusi mutum ɗaya ne ba ya santimen, shi ne Baba.

Ni kuwa lokacin littattafan soyayya sun gama cinye mini kai. Ranar da saurayina, wani malamin makaranta daga Romi, zai zo gaida Baba, na ƙudura sai ya fito kamar jaruman da nake karantawa, masu cin abinci a yangance. Umma ta tuƙa tuwon masara da miyar kuɓewa. Na zame na cire kwanon wanke hannu daga tire, na ɗora cokali mai ƙyalli, har da furen roba.

Bawan Allah ya duba, babu ruwa, ga cokali. Kunya ta hana shi tambaya. Ina leƙensa ta labule yana kokawa: ya ɗebo miya ta zille, ya bi ta, ta ja zare har haɓarsa. Ni dai gani nake ya haɗu. Ashe Baba ma yana tsaye ta taga.

Yana tafiya Baba ya shigo yana huci.

"Yaron nan ba zai auri 'yata ba."

"Me ya yi, Alhaji?" in ji Umma.

"Tuwo da cokali! Wanda ke ƙyamar tuwo ya taɓa hannunsa, shi zai riƙe mace?"

Na faɗa katifa na rungume filo, yadda na karanta ana yi, ina jiran zazzaɓin soyayya ya rufe ni. Bai zo ba, yunwa ce ta zo. Amma na tsorata da gaske, don Baba ba ya magana biyu. Dole na faɗa wa Umma cewa aikina ne. Sai da ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame, sannan ta same shi yana jin rediyo.

"Alhaji, ni ban yi boko ba. Wanda ya ƙi mutum saboda cokali, me sunan abin da ya yi da Turanci?"

Baba ya ƙara wa rediyo murya.

"Ba shi ne santimen ɗin nan ba?"

"Hajiya, nawa bincike ne."

"To a sake binciken."

Aka sake kiran saurayin. Wannan karon Umma ta kulle duk cokulan gidan a kabad. Jarumina ya naɗe hannun riga, ya yanki loma irin ta masu dakon siminti, ya share malmala, ya karɓi ƙari, ya suɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya, ya rufe da gyatsa. A bayan labule na ji wani abu ya rushe a ƙirjina. Babu littafin da aka taɓa rubuta haka.

Baba kuwa har tsakar gida ya shigo yana murmushi. "Ɗan mutunci ne. Tun ranar farko na gani. Kun san ni ba na santimen."

Yanzu 'ya'yanmu sun tasa, kuma ban taɓa nadamar aurensa ba. Abin da na koya shi ne santimen wari ne da mutum ba ya ji a jikinsa, sai a jikin wani. Baba ya ƙi shi saboda cokali, ni na so shi saboda cokali, alhali shi bawan Allah ruwan wanke hannu kawai yake nema.