Balbelar da ke Ƙwaryar Kaka

A ɗakin kakata Tumba, can Gurbin Bore, jeren ƙorai ne ya cinye bango guda. Kowace ƙwarya da wadda ta ba ta ita, kowace da mazauninta, kuma kashinka ya bushe idan ka sauya musu wuri. Bayan isha'i mu jikoki mukan kewaye murhu, sai ta miƙa hannu ta sauko da ɗaya. Wadda ta sauko da ita, daga jikinta tatsuniyar ranar za ta fito.

Ta can sama, mai zanen balbela, ƙawarta Jumma ce ta zana mata, wata Bafillatana ta rugar bayan gari. Kaka takan cika ta da gero ta aika mata, ta dawo cike da nono.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, Baffa ya dawo daga Gusau da zafinsa. Ya ce zanen balbelar nan surar mai rai ce, haramun, gobe zai kankare ta. Ga shi ɗan fari, Kaka ko sunansa ba ta kamawa, balle ta yi musu da shi. Sai ta bari ya shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, sannan ta sauko da balbelar.

"Ku matso, masu kunnen ƙashi," in ji ta. "Wagga ba ta barci ba ce."

Wai manomi da makiyayi ne ke da ƙwarya guda mai zanen tsuntsu. Ko a daji aka tsince ta, an san gidajen da take zuwa. Sai wani mai son tsabta ya kankare ta tas. Ranar da ta ɓata, mai tsintuwa ya rasa inda zai kai ta. Manomi ya ce an cinye masa gero, makiyayi ya ce an raina nononsa, gaisuwa ta mutu.

"Da anka kankare, ƙwarya ta yi kyau," ta ce tana gyara wuta. "Amma wa ya san gidansu?"

Baffa ya yi gyaran murya, ya naɗe tabarmarsa. Gari ya waye bai taɓa ƙwaryar ba. Kaka kuma ta juya balbelar ta fuskanci bango, don kada ɗanta ya ji kunya. Na daɗe ina cewa Kaka ta yi nasara.

Yau ina Ƙauran Namoda a ɗakin haya. Kaka ta rasu, rugar su Jumma ta tashi, mu ma tashin hankali ya taso mu. Wallahi na gaji da jin wa ya fara, manomi ko makiyayi. Daga jeren ƙoran nan duka, mai balbelar kaɗai na iya ɗaukowa.

Jiya 'yata ta cika ta da gero tana wasa, ta ce, "Inna, gidan wa za a kai?"

Na duba, balbela na nan, ko ƙwarzane babu. Na ce ta juye geron a buhu.