Kunnena na Hagu da Moton Yaya Sule

Assalamu alaikum. Na daɗe ban rubuta komai a nan ba, har wasu suna tambaya ko wayar ce ta lalace. Ba wayar ba ce, jinya na yi. Kuma akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Inna tana zaton ciwon farat ɗaya ya zo mini, alhali na daɗe da sanin kunnena na dama ya daina ji. Ɓoyewa na yi.

Da fari ya tsananta, pompon unguwarmu ya ƙafe, ruwa sai a foraj, rijiyar burtsatsen bayan gari. Na bar lakwal bayan aji shida, don haka ɗebowa ta zama aikina. Yayana Sule yana kabu-kabu. Yakan sauke ni a layi da bidon, jarkokin ruwanmu, ya tafi nema, ya dawo ya ɗauke ni.

Bututun hayaƙin motonsa ya fashe ta gefen dama. Lokacin sojoji sun karɓi mulki, an rufe iyakoki, makaniki ya ce babu kayan gyara a gari. Haka muka riƙa tafiya, ƙara tana dukan kaina, iska tana shiga.

Da farko in mun sauka sai in ji wani siririn kuka a kunne. Daga baya ya daina tsayawa. Na yagi soson katifa ina cusawa. Wata rana na ciro, rabi ya fito, rabi ya zauna. Na sa tsinke, na ƙara tura shi ciki.

Ni dama ba mai magana ba ce. Duk abin da aka ce mini sai in sunkuyar da kai in ce "to". Maƙwabta suna ta yaba kunyata, ba su san ba na jin rabin abin da suke faɗa ba. Ji nake kamar an kife ni da tukunya, mutane suna magana a waje.

A shingen sojoji asirina ya tonu. Wani soja ya tsaya ta damana ya yi magana, na ce "to". Ashe sunana ya tambaya. Ya yi dariya ya ce wa Yaya, "Ƙanwar taka To ce sunanta?" Yaya bai yi dariya ba. Ya juyo, ya ga mugunya ta ɓata mini hijabi.

A gida Inna ta ɗiga mini man shanu mai ɗumi. Zazzaɓi ya ƙaru, gefen fuskata ya kumbura, sai aka kai ni asibiti.

Mun yi layi tun safe, da aka zo kanmu wutar kuran ta ɗauke. Muka koma washegari. Likitan kunne ya sa ɗan ƙarfe ya ciro soson, ya yi baƙi yana wari. Ya nuna wa Inna, ni kuwa na kasa ɗaga ido.

Da kumburin ya sauka aka yi mini gwaji. An sa mini kaske mai rufe kunnuwa a kai, aka ce in na ji sauti in ɗaga hannu. Ta hagu na yi ta ɗagawa. Da aka koma dama, hannuna ya zauna a cinya, ina kallon likita yana danna abin. A nan tsoro ya kama ni.

Ya ce, "Ruɓar za ta warke da magani. Abin da ƙara ta ci ba ya dawowa. Na hagu ma ya fara taɓuwa, shi za mu tsare."

Maganin sai da Yaya ya zaga farmasi da yawa kafin ya samu. An sayar da akuyar da ta rage mana, ita ma fari ya ramar da ita.

Likita ya ce in riƙa sa bushon, abin toshe kunne, amma na kasuwa ba zai zauna mini ba, ramin kunnena ƙarami ne, iska za ta fitar da shi. Sai wanda aka yi daidai da kunnena. Aka zuba mini wani abu mai sanyi kamar ƙullu, ya daskare, aka ciro shi da siffar kunnen, za a aika Yamai a yi. Ya ce iri biyu ne: mai toshewa sosai, da mai ɗan rami da ke rage ƙarar inji amma ya bar muryar mutum ta wuce.

Yaya ya ce, "Likita, ba ta mai toshe duka, dama ba ta son mutane."

Na ce mai ramin nake so. Da bakina na faɗa, har Inna ta juyo ta dube ni.

Yanzu zazzaɓi ya tafi, mugunya ta tsaya, Alhamdulillahi. Kukan nan bai tafi ba, na fara sabawa da shi. Bushon bai iso ba, hanya ba ta da daɗi. Likita ya hana ni hawa moto kafin ya zo. Yaya yana cewa zai tuƙa a hankali. Inna kuwa, ina ganin ta tana leƙa randa.

Na gode wa Allah, na gode wa Inna da Yaya da likitan nan da bai yi mini faɗa ba, da ku da kuka tambaya.

Masu hawa moto kullum, ku tsare kunnenku tun yana ji. Kada ku cusa soso ko tsinke, kada ku ɗiga mai a kunnen da ke ruwa. In kun sauka kuna jin kuka a ciki, ku je asibiti. In yarinya tana amsa "to" ga komai, ku koma ɗaya gefenta ku sake tambaya.

Jiya na shiga gidan maƙwabciyarmu na roƙi aron kurarta ta turawa. Foraj ɗin da nisa, rana kuma da zafi. Ban gaya wa Yaya ba, a nan zai gani. Gobe bayan sallar asuba zan ɗora bidon in tafi da ƙafa.