Sunan Da Ban Tambayo Ba

Shekarar da aka yanke mu daga Sakkwato aka ba mu jiharmu, ƙanwata ta dawo gidanmu na unguwar Jega Firchin don goyon ciki. Haihuwar fari ce, mijinta manomin albasa ne a Aliero. Ni kuma ina aure a Mungadi, na haɗa kayana na taho taya Inna aikin jego, don ni ce babba, kuma a lokacin ina jin babu abin da ban sani ba game da zaman duniya.

Ta haifi namiji ranar Lahadi da hantsi. Bayan la'asar mijin ya iso a kan babur, ya tsaya a zaure. Ni na kai masa jaririn a cikin zane. Ya karɓe shi yana sunkuyar da kai, ya yi masa huɗuba, ya raɗa masa suna a kunne. Bai faɗa wa kowa ba. Haka suke yi a gidansu, uba ya riƙe sunan a cikinsa sai safiyar suna liman ya bayyana.

Ranar Alhamis yaron ya ƙi kama nono, kafin azahar ya koma. Babanmu ya rungume shi a cikin ƙyalle, maza huɗu suka bi shi maƙabarta, suka dawo kafin ruwan wanka ya tafasa. Ba a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ba. Matan unguwa suka riƙa leƙowa daga bakin ƙofa suna cewa, "Allah shi kawo mai tsayawa," su wuce. Wata tsohuwa har da cewa ai baƙo ne, bai kai ga suna ba. Ragon da aka saya aka ja shi aka mayar kasuwa.

Ƙanwata ba ta yi kuka ba. Wa zai bar ta? Ɗan fari ne. Ko da ya rayu ba za ta kira sunansa ba, ba za ta yi masa wasa a gaban mutane ba, balle ta zubar masa da hawaye Inna na kallo. Aka ci gaba da yi mata wankan jego safe da yamma, ana dama mata kunun kanwa. Nononta ya kumbura yana jiƙa mata zane, ta riƙa juya mana baya tana matsewa a ƙwarya.

A satin nan ruwan bazara ya sauko ba zato, ya shiga rudun mijinta, inda ya jibge albasarsa ta shekara yana jiran ta yi tsada. Rabi ta ruɓe. To, a nan na ga jaje! Kwana uku maza na tururuwa a ƙofar gidansa, daga Maiyama, daga Jega, har da abokan cinikinsa na nesa. Inna ta ce bai kamata a ce gidanmu ba a je ba, ni zan tafi a madadinta.

Ina ɗaura mayafi ƙanwata ta kira ni ɗaki. Ba ta dube ni ba, tana murza bakin zanenta.

"Yaya, in kin tahi, ki tambayo min sunan da yas sa mai."

Na ce, "Mi za ki yi da sunan wanda yat tahi?"

"Ba komi. In sani dai."

Na je Aliero. Tun daga bakin lungu warin ruɓaɓɓiyar albasa ya tare ni. Mijin ya taso daga cikin maza ya durƙusa nesa da ni, don yayar mata kamar suruka take. Na yi masa jajen albasa da kyau, tiryan-tiryan, har da addu'ar Allah ya mayar da ninkinta. Maganar tana bakina. Sai na ji nauyi: ni, babba da ni, in tsaya ina tambayar mijin ƙanwata sunan jaririn kwana biyar, mutane na ji? Na sha ruwa, na yi sallama, na hau mota.

Da na dawo ta ɗago ido tana jira. Maimakon in ce na kasa, sai na hau ta da faɗa. Na ce ta rufa mana asiri, mutum na cikin asara ita tana tone-tone, wace ce ba ta taɓa binne jariri ba a garin nan? Ta ce, "To, Yaya." Ba ta sake tayar da maganar ba, ni kuma na ɗauka na gyara ta.

Har yau ina jin haushin kaina, kuma ina jin haushinmu duka. Mun san yadda ake jajen albasa, da na saniyar da ta faɗa rijiya, da na gobarar rumbu. Mace ta ɗauki ciki wata tara, ta yi naƙuda kwana biyu, abin da muka iya ba ta shi ne ruwan zafi da umarnin ta yi shiru.

Ta koma ɗakinta bayan arba'in, ta haifi huɗu, duk suka tsaya. Na tabbata a raina cewa wata rana ita da mijinta sun yi maganar a tsakaninsu. Ban tambaya ba, don ban so in ji.

Shekara tara bayan haka zazzaɓi ya kwantar da mijin, kwana shida ya rasu. Wannan karon an shimfiɗa tabarmi har bakin titi. Na shiga ɗakin da take takaba, na zauna kusa da ita, na fara jero mata abin da aka saba: sai haƙuri, dukanmu can za mu, Allah shi raya abin da ya bari. Ta bar ni na gama. Sannan ta matso da bakinta kusa da kunnena, yadda matan da ke ɗakin ba za su ji ba.

"Yaya, ban iya tambayatai ba, kullum ina cewa gobe. Yanzu wa za mu tambaya?"