Yatsan Baba Daidai

Shagon wanki da gugansa yana ƙarshen layi, tsakanin mai gyaran takalma da mai cajin waya. Ɗaki ne guda: teburin guga, bahunan roba a bakin ƙofa, igiyoyin shanya a baya, sai wani tsohon rediyo da aka ɗaure murfin batirinsa da tsumma. A nan ya shigo da ƙuruciyarsa, a nan furfura ta same shi.

Rediyon ne ya jawo masa suna. Akwai wani shirin wayar da kan jama'a da ba ya wuce shi, inda ake maganar doka da zaɓe da haƙƙin ɗan ƙasa. Boko bai yi nisa ba, amma kunnensa ba ya zubar da abin da ya ji. Cikin duk abin da aka faɗa, jimla ɗaya ce ta zauna masa: kowa daidai yake a gaban doka. Ya riƙe ta har ya wuce masu shirin. Direban wani attajiri zai kawo kayan maigidansa ya ce ana sauri, shi kuwa ya nuna masa kayan aikin wani lebura da ke gaba a layi. "Wannan ya riga ka. Daidai ne ko ba daidai ba?" Tun ana tsokanarsa da kalmar har ta cinye sunansa na gaskiya, ya zama Baba Daidai.

Matarsa ce kaɗai ke iya masa. "Kai da ko sa hannu sai ka yi gumi," in ji ta, "amma sai jawo mana sashe kaza na doka. To, lauyan kumfa, a kawo cefane." Sai ya ɗaga mata babban yatsansa ya ce ranar zaɓe wannan da na shugaban ƙasa nauyinsu ɗaya. Ita kuma ta ce to ya kai shi kasuwa a auna.

Da ta rasu, sai musun ya bi ta. Rediyo na yi, ba ya tanka masa. Bai yi kuka a gaban kowa ba, bai kuma fasa buɗe shago ba. Hannuwansa dama sun daɗe da mutuwa: sabulu da ruwan cire tabo sun ci su ta waje, zafin dutsen guga ya ƙarasa su. Yakan ɗauki garwashi da yatsu ya mayar cikin dutsen, ko a jikinsa. Yanzu zuciyar ma ta koma haka. Abu mai daɗi ya zo, abu mai ɗaci ya zo, duk sai ya dube su kamar kayan wani da aka kawo wanki.

Ana nan sai 'yarsa ta fari, wadda yake kira Uwata don sunan mahaifiyarsa ta ci, ta ce za ta tsaya takarar kansila. Ungozoma ce a ƙaramin asibitin unguwa, kuma ta gaji da ganin mata masu naƙuda ana ɗauko su a hannu saboda kwatar da ta cinye hanya. Wata ƙaramar jam'iyya ce ta ba ta tuta, irin wadda ko ofishinta sai an yi tambaya.

Ƙaninsa, bakanike, ya zo shagon yana huci.

"Yaya, ka hana ta. Hotonta a bango kowa na kallo? Dangi za ta kunyata."

Baba Daidai bai ɗago daga kwalar rigar da yake gogewa ba. "Doka cewa ta yi ɗan ƙasa. Ba ta ce mai gemu ba."

"Wallahi ko ƙuri'a ɗaya ba za ta samu a layin nan ba."

'Yar tana tsaye a bakin ƙofa, ta ji komai. Sai uban ya ajiye dutsen guga ya ɗaga yatsan nan, abin da rabonsa da yi tun matarsa na da rai. "Uwata, ko duniya ta juya miki baya, a akwatin layinmu kina da ɗaya." Ita a rumfar zaɓen unguwar mijinta take jefa tata, saboda haka wannan ɗayar tasa ce, ba ta kowa ba. Tun daga ranar ya sami abin da yake jira, kuma shi kansa ya yi mamakin cewa har yanzu yana iya jiran wani abu.

Ranar zaɓe ya goge rigarsa da kansa, ya tafi makarantar firamare inda aka kafa rumfa. Ya bi layi bayan mai gyaran takalma. Wani ya ce a bar dattijo ya wuce gaba, ya girgiza kai.

Jami'ar zaɓen yarinya ce da ba ta kai 'yarsa ba. Ta karɓi katinsa, ta dubi hoton, ta dube shi. Sannan ta miƙo na'urar tantancewa. "Baba, ɗora babban yatsa."

Ya ɗora. Na'urar ta yi ƙara, ta kawo jar wuta.

"Goge a rigarka ka sake."

Ya goge, ya sake. Ja. Ta ce ya shafa a goshinsa ko zai ɗan yi maiƙo. Ja. Suka bi yatsun dama ɗaya bayan ɗaya, suka koma na hagu. Daga ƙarshe ta kama hannun ta juya shi cikin haske. Shi ma ya duba, kamar yau ya fara ganinsa. Kan yatsun sumul suke, suna sheƙi, babu zane ko ɗaya. Lokacin da ya yi rajista akwai sauran zane a jikinsu. Wankin da ya biyo baya ya tafi da su, bai ma san ranar ba.

"Baba, ka yi haƙuri," in ji ta, muryarta ƙasa-ƙasa. "In ba ta karɓa ba, ba ni da ikon ba ka takarda. Da an je ofis an gyara tun kafin yau."

Layi ya ɗauki hayaniya. "Haba, ku ba shi mana! Wa bai san Baba Daidai ba?" Mai cajin waya ya ce rigar da jami'ar tsaro ke sanye da ita ma shi ya goge ta. Wani wakilin jam'iyya ya matso yana raɗa cewa a bari rana ta yi, in mutane sun ragu akwai yadda za a yi. Idon yarinyar ya ciko da ƙwalla.

Baba Daidai ya ji bakinsa yana magana, kamar rediyo a wani ɗaki. "Ku ƙyale ta. In ta ba ni don an san ni, sai ta ba wanda ya zo da katin wani don shi ma an san shi. Daidai ta yi."

Ya karɓi katinsa ya koma gindin bangon aji ya zauna. Ya jira ɓacin rai ya zo, bai zo ba. Yana dai kallon mutane suna fitowa da shuɗiyar tawada a yatsa, wasu na hura ta don ta bushe. Ƙaninsa ya fito, ya ratse ta wani gefen.

Da yamma aka juye akwati a kan tebur, jami'ar tana ɗaga kowace takarda tana faɗin jam'iyyar da aka zaɓa. Tulin manyan jam'iyyu biyu yana ta hawa. Can wajen ƙarshe ta ɗaga wata, ta kira jam'iyyar 'yarsa, ta ajiye ta ita kaɗai a gefen tebur. Har aka gama ba ta sami 'yar'uwa ba.

Ya bi fuskoki da kallo: ƙaninsa, mai takalma, matar da ke sayar da gawayi. Babu wanda ya dube shi. Ba zai taɓa sanin mai ita ba, kuma ya san doka ce ta tsara haka, shi da kansa ya sha faɗa wa mutane.

Washegari da safe yana durƙushe gaban baho, hannuwansa cikin kumfa har wuyan hannu, sai ga 'yar. Ta faɗi zaɓen, faɗuwa ba ta kusa ba, idanunta sun kumbura. Amma tana murmushi.

"Baba, an kawo mini sakamakon rumfarku. Na ga ƙuri'arka." Ta tsuguna kusa da shi. "Duk abin da aka yi jiya, ita ce ta hana ni karaya."

Ya san layin nan ba ya riƙe magana. Kafin rana ta take za ta ji. Ya buɗe baki zai faɗa mata da kansa, sai ya tarar kunya ce ta cika shi, irin wadda ya manta akwai ta. Ya ƙara tura hannuwan cikin ruwa.

"Mu ga tawadar mana," ta ce cikin tsokana, tana nuna masa nata shuɗin yatsan. "Ko har ta fita?"

Ya dubi kumfar.

"Uwata, sabulun nan ba ya barin komai."