Zanen da Almakashi Bai Taɓa Ba

Shekarar da na samu aiki a wani ɗakin gwajin magunguna a Lyon, na kama gida a Minguettes, cikin Vénissieux, a ɗaya daga cikin dogayen benayen nan da ake hangowa tun daga cikin tiram, jirgin nan na cikin gari. Ni ƴar Damagaram ce. Karatu ya kawo ni Faransa, aiki ya riƙe ni.

Ƙofar da ke kallon tawa ta wata mata ce ƴar ƙasar Filifin, mai kula da tsofaffi a gidajensu. Mun daɗe ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwar bonjur da bonsuwar a bakin asansar, na'urar hawa bene. Ranar wata ƙaramar salla na fito cikin sabuwar shadda ina sauri, sai ta buɗe ƙofa da ɗan gyale a kanta ta yi mini sallama. Na tsaya ina kallonta, don a sanina duk mutanen ƙasarsu Kirista ne. Ta yi dariya ta ce ita daga kudu take, tsibirin Mindanao, wani gari a bakin babban tafki, kuma kaka da kakanni Musulmi ne. Tare muka tafi idi. Daga ranar kwano ya fara zirga-zirga tsakaninmu: ni in aika dambu da zogale, ita ta maido da kaza dafaffiya da ruwan kwakwa, mai yajin da ko ni sai na nemi ruwa.

Tana da ɗiya ɗaya, haifaffiyar Lyon, mai karatun aikin jinya. Tanti take ce mini. Tana jin harshen uwarta kaɗan-kaɗan, amma da Faransanci take amsawa.

Wata Asabar da la'asar na ji muryoyi sun tashi a gidansu, abin da ban saba ji ba. Can aka ƙwanƙwasa mini. Yarinyar ce, ido ya yi ja.

"Tanti, ke kina da keken ɗinki. Zo ki yi wa Mama magana."

Na zaunar da ita na ba ta ruwa, sannan ta warware mini zancen. Mutanen ƙasarsu, in ji ta, yadda muke son kokowa a Nijar haka suke son gasar sarauniyar kyau. Ko a nan Faransa ƙungiyarsu takan shirya wa ƴammatansu ƴar ƙarama a Paris. Ita ba kambin ne ya dame ta ba. Akwai wani sashe da kowace yarinya ke fitowa da shigar da ke nuna yankin da iyayenta suka fito, shi take so. Ta buɗe tarho ta nuna mini hotunan baya. Ga wata da riga mai hannuwa tsaye kamar fukafukin malam-buɗe-littafi, wai da zaren ganyen abarba aka saƙa yadin. Ga wata ta ɗauko gonakin shinkafa hawa-hawa a kafaɗa, wata kuma kwale-kwale sukutum da filafilansa mai launi. Na riƙe baki.

"Duk na duba, ban ga ta garinmu ba," in ji ta. "Ina son su ga mu ma muna nan."

Gaskiya da fari jikina bai ba ni ba. Inda na tashi, yarinya ba ta hawa dandamali a auna kyanta. Na tambaye ta kai tsaye ko akwai fitowa da kayan wanka. Ta ce babu, shigar gargajiya ce da rawa da amsa tambayoyi, kuma ita da dogon hannu da ɗaurin kai za ta fito. Na ce to, mu je in ji ta bakin uwar.

Abin faɗan yana shimfiɗe kan tebur. Malong suke kiransa, zane ne da aka haɗe bakinsa biyu ya zama kamar buhu marar gindi, ana shiga cikinsa a ɗaura. Na alharini ne, launin zoɓo, da wasu siraran layuka saƙaƙƙu masu ado da suka ratsa shi. Yarinyar tana son a yanka shi a fitar da riga mai bin jiki kamar na sauran.

"Sai dai bayan raina," in ji uwar, ba ta ko ɗaga murya ba. "Da shi aka kai uwata ɗakin miji. A cikinsa aka naɗe ni ranar suna."

Ta juyo wajena ta faɗa mini abin da ban sani ba. Yaƙi ya taɓa ratsa garinsu, gidan uwarta na cikin waɗanda suka rushe, akwatuna da hotuna duk sun tafi. Zanen ya tsira ne don yana cikin baliz ɗinta na tafiya a nan Faransa.

Mahaifina aikin allura yake yi, ado a wuyan manyan riguna, kuma na zauna gefensa da yawa ina ƙarama. Ban gaje shi ba, amma na san abin da hannu ya wahala a kansa in na gani. Na ce musu kada almakashi ya kusanci wannan. A ɗaura shi yadda yake, mu kuma mu gina sauran shigar a kewaye da shi. Yarinyar ta ɓata fuska, wai zai yi kama da kayan tsofaffi, ba wanda zai waiwayo. Sai uwar ta ce a garinsu akwai wani tsuntsu da masassaƙa ke yi, mai doguwar jela a lanƙwashe, da kifi a bakinsa. In an yi wa yarinyar fukafukinsa a baya, da shuɗin tafki a ƙasa, ai za a waiwayo. Yarinyar ba ta ce e ba, amma ta jawo kujera.

Yadi mai sheƙi irin wanda muke so, na san inda yake. Asabar ta gaba muka hau jirgin ƙasa zuwa Paris, muka nufi Goutte d'Or, shagon wata Hajiya ƴar Cadi wadda ta riƙe ni a gidanta farkon zuwana ƙasar. Inna nake ce mata. Muka gaisa, ta tambayi gajiya, ta tambayi aiki, ta tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya, baƙina suna tsaye suna murmushi ba su jin komai. Da na faɗi abin da ya kawo mu, sai ta sauke tabarau.

"Gasar kyau? Ke da hankalinki?"

"Inna, ki ga zanen tukuna."

Aka warware shi kan kanta. Hajiya ta goge hannunta a gefen mayafi kafin ta taɓa. Ta juya bayansa, ta kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ta daɗe tana bin layukan da yatsa. Ta tambayi uwar da Faransancinta na kasuwa wa ya saƙa, uwar ta ce wata gwaggon uwarta. Hajiya ta gyaɗa kai. Ba ta ƙara maganar hankali ba. Da kanta ta hau kujera ta sauko da shadda shuɗiya mai ruwa biyu, ta ce in ana neman tafki ga shi nan.

Ta kai mu bayan shagon wajen wani tela mutumin Garwa, mai keken surfani. Uwar ta zana masa tsuntsun a takarda, muka tafi cin abinci, muka dawo ya yi gwaji a ƙyalle. Uwar ta duba, ta toshe baki, kafaɗunta na rawa. Ɗiyar ta leƙo ita ma ta fashe. Tsuntsun ya fito da ƙiba da gajeren wuya, zabo sak, ga jelarsa ta ƙulle kanta irin dagin da ke jikin rigunanmu.

"Malam, ai wannan na miya ne," in ji Hajiya.

Telan bai ji haushi ba. Ya ce hannunsa ya saba da adon da ke komawa inda ya fito ya ƙulle, nasu kuwa tafiya yake kamar yaɗon kabewa, ba ya waiwaye. Ya roƙi uwar ta zauna kusa da shi. Ta zauna tana nuna masa inda layi zai lanƙwasa, ɗiyar na fassara abin da ya gagari Faransancin uwar. A nan na fara jin yarinyar tana tambayar sunayen abubuwa da harshensu.

Sauran aikin a falona muka yi shi, ƙarshen mako bayan ƙarshen mako. Telan ya aiko da kan tsuntsun da kifinsa, da gashin fukafukin ɗai-ɗai, mu muka jera su kan waya mai lanƙwasuwa. Duwatsun ado sun watse har cikin kwanon sukari. Uwar takan ɗinka tana ba da labarin masunta da kasuwar bakin ruwa, da yadda ƴammata ke tafiya a hankali ranar biki kamar ba su son taka ƙasa. Wata rana ta tafi wajen wata tsohuwa da take kula da ita, ya rage ni da yarinyar. Ta ajiye allura.

"Tanti, sau ɗaya na taɓa zuwa garin nan, ina ƙarama. Ba na tuna komai sai sauro. In suka tambaye ni da harshen, me zan ce? Ji nake kamar na ari kayan wata."

Na ce a wajenmu akan ce kayan aro ba ya rufe katara, amma aro shi ne abin da mai shi zai zo ya karɓa, wannan kuwa wa zai karɓa a hannunta? Ta ɗaga kafaɗa. Ban ga alamar maganata ta shige ta ba. Muka ci gaba da ɗinki.

An yi taron a wani zauren haya kusa da La Courneuve, ranar Asabar da rana. Wurin ya cika da iyalai da tukwanen shinkafa da yara masu guje-guje. Hajiya ta rufe shago ta zo, ta zauna a layin gaba da carbinta, telan yana bayanta. Ni da uwar muna ɗakin shiri, inda ƴammata ke karo da juna da fukafukai da kwanduna. Uwar ta ɗaura wa ɗiyarta zanen a ƙugu.

Wata tsohuwa cikin masu rabon abinci ta shigo da faranti, ta ga zanen, ta ajiye farantin a kan kujera. Ta yi magana da harshensu. Uwar ta juyo da sauri, suka riƙe hannun juna suna ta magana, ashe garinta na ɗaya gefen tafkin ne. Tsohuwar ta dubi ɗaurin ta girgiza kai, ta ce wannan na zuwa kasuwa ne. Ta kwance, ta ɗaga zanen ta ratsa shi ta kafaɗa ɗaya, ta gyara layukan adon suka sauko daidai gaba. Sannan ta kama haɓar yarinyar ta yi mata tambaya. Yarinyar ta dubi uwarta, uwar ta ƙi taimaka mata. Ta amsa da kanta, da in'ina, kalma uku ko huɗu. Tsohuwar ta gyara mata ɗaya, ta sa ta maimaita, ta shafa mata kai.

Da aka kira yarinyar, ta fito a hankali yadda uwarta ta kwatanta. Shuɗiyar shaddar na jan ƙasa a bayanta, fitilu na wasa a kai. Da ta kai tsakiya ta ɗaga hannu, fukafukan suka buɗe. Tafi ya tashi a zauren. Mai gabatarwa ya tambaye ta ma'anar shigar, ta yi bayani da Faransanci, ta faɗi wadda ta saƙa zanen da yadda ya tsira. A ƙarshe ta yi gaisuwa da harshen kakarta. Daga wajen tukwane muryar tsohuwar nan ta amsa mata, ita kaɗai, da ƙarfi.

Ba ta ci kambi ba. A sashen shiga ma ta biyu ta zo, bayan wata da ubanta ya gina mata gonakin shinkafa da kwali da gora, har da ɗan bauna a tsaye, kuma ni a ganina ya cancanta. Hajiya dai ba ta yarda ba. Har muka fito tana cewa alƙalan ba su san yadi ba, telan na ba ta haƙuri, wasu iyaye mata kuwa sun kewaye shi suna tambayar inda shagonsa yake.

Yarinyar ta karɓi lambar tsohuwar. Duk Lahadi nakan ji ta ta bango tana tarho, tana maimaita kalmomi, tana dariyar kurakuranta. Da ta gama karatu ta samu aiki a asibiti, hutunta na farko ita da uwar suka tafi Mindanao. Ta aiko mini da bidiyon wasu mata zaune a ƙasa suna saƙa, ita a tsakiyarsu zare ya sarƙe mata a yatsu.

Fukafukan suna kan armuwar da nake ajiye tufafi a ɗakina, don gidansu ba wuri. Kwanan baya jikar tsohuwar nan ta kira daga Paris, wai tana son fitowa da su bana, kakarta za ta ba ta nata zanen. Na sauko da su na kakkaɓe. Kifin ya ɓalle daga bakin tsuntsun, wasu duwatsun sun zube, amma ba abin da allura ba za ta gyara ba. Maƙwabciyata ta ce in jira ta ranar Asabar, za ta zo da zare.